Wata Biyar da Aka Ƙara wa Quyen

Ranar da lauya Thoa ta kira mu ofishinta a Saigon, tun daga shayin da ta sa aka kawo mana na san ba alheri ba ne. Shekara biyu da rabi muna hulɗa da matar nan, ko ruwan sanyi ba ta taɓa ba mu ba.

Ni da mijina Khiem masu kiwon kifi ne a bakin kogin Hau. Da ruwan gishiri ya fara hawowa kowace rani yana kashe mana kifi, muka zauna muka yi shawara, muka sayar da tafkunanmu goma sha ɗaya, muka zuba kuɗin a ginin wani otal a Amurka da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Sharaɗin a bayyane yake: ka zuba jari, jarin ya samar wa mutum goma aiki, a ba ka izinin zama kai da matarka da 'ya'yanka marasa aure waɗanda ba su kai shekara ashirin da ɗaya ba. Izinin farko na shekara biyu ne, in komai ya tafi daidai a mayar da shi na dindindin. Ni dai ban yi don kaina ba. Ina ruwana da ƙasar da ba na jin yarenta? Khiem kuwa ko Saigon ya kwana biyu sai cikinsa ya ɓaci. Don 'yarmu Quyen muka yi, ita kaɗai gare mu, kuma tana son ta karanta likitancin dabbobi a inda za a koya mata da gaske.

Lauya Thoa ta ɗauko takarda da biro ta ce, "Yaya Lieu, ki saurare ni da kyau. An amince da takardarku tun bara, wannan kin sani. Amma 'yan ƙasarmu sun yi yawa a layi, bizar da ake ba kowace ƙasa a shekara kuma ƙidayayya ce. Ranar da layi ya zo kanku za a duba shekarun Quyen, a cire wata goma sha huɗun da takardarku ta yi a hannun hukumomin Amurka kafin su amince. In abin da ya rage bai kai ashirin da ɗaya ba, tana ciki. In ya kai, ta fita."

Na ce, "To yaushe zai kai?"

"Ashirin ga Fabrairu mai zuwa."

"Layin fa?"

"Yadda yake jan ciki duk wata, Afrilu ko Mayu."

Khiem ya ajiye kofinsa ya ce, "Ashe da sun daɗe ba su amince ba, da ya fi mana?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Saurin da kuka yi wa biki shi ya cuce ku."

Kaza huɗu na yanka ranar da amincewar nan ta zo. Na tuna su, raina ya ƙara ɓaci. Kuɗin ba sa fitowa, in ka janye ka rasa gurbinka. Wato ni da Khiem mu tafi mu zauna muna kallon bango a ƙasar mutane, yarinyar da aka yi abin dominta tana nan. Ina kallon kwafin fasfon Quyen a kan tebur, ashirin ga Disamba a rubuce ɓaro-ɓaro, sai na ji bakina ya ce, "Ai ba ranar aka haife ta ba."

Lauya ta ɗago kai. "Me kika ce?"

"Ashirin ga Mayu na haife ta, wata biyar bayan wannan. Ni na yi naƙudar, ai na fi takarda sani."

Abin da ya faru shi ne, a ƙidayarmu kowace shekara da sunan dabbarta, kuma a shekarar Damisa Quyen ta zo duniya. Uwar mijina, wadda duk ƙauye ke kira Ba Sau, ni kuma nake ce wa Inna, ta rantse jikarta ba za ta ɗauki sunan 'yar Damisa ba, don iyayen samari gudun irinsu suke yi, wai sun cika taurin kai, wai mazansu ba sa tsufa. A lokacin ba wanda ke gaggawar yi wa jariri rajista. Sai da yarinya ta shekara biyu Inna ta tafi ofishin gunduma da kanta, ta ce a gida aka haihu, ta ja ranar baya zuwa ƙarshen shekarar Ɓauna, wadda ke kafin ta Damisa. Muka yi dariya muka manta. Quyen ta shiga makaranta da wuri, ita ce 'yar ƙarama a kowane aji, ba wanda abin ya dama.

Lauya Thoa ta daɗe tana juya biro. Ta ce, "In gaskiya ne, tana da har Yuli. Amma kin san yadda za a kalli wanda ya canza ranar haihuwa a bakin ƙofar biza. Ba ni da amfani da rantsuwarki, ba ni da amfani da ta maƙwabta. Takarda nake so wadda aka rubuta a ranar, da tambarin wurin. Sannan wanda ya yi rajistar ya je ya faɗi abin da ya yi, ya sa hannu. Daga nan a gyara takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da takardun makaranta, da fasfo, mu kuma mu sanar da su can komai ba ɓoye-ɓoye. Wata huɗu ne aƙalla. In kuwa kika sayo min ta jabu, ki nemi wata lauyar."

Na ce, "Ni ko rubabben kifi ban taɓa cusawa a ƙasan kwando ba."

Washegari na hau babur na tafi ƙaramin asibitin da na haihu. An rushe tsohon ginin, kundayen shekarun nan kuma ambaliya ta jiƙa su tuni, gara ta ƙarasa sauran. Ungozomar ta rasu. Na bi 'yarta har gonar mangwaro a wani ƙauye, ta buɗe min akwatin uwarta, ba komai ciki sai almakashi da hotuna. Na je babban asibitin lardi, aka ce in dawo Litinin, na dawo aka ce mai mabuɗi ya tafi biki. Sati uku na yi a haka, fuskata ta ƙone da rana, ban samo ko yagaggen shafi ba.

Saura guda ɗaya, 'yar takardar shaida da ungozoma ke ba mai jego ranar sallama. Inna ce ta karɓa da hannunta. Na same ta a kan gadonta na katako a baranda tana tsinke ganyen miya, Quyen na gefenta da ƙwayoyin hawan jini a tafin hannu tana lallashi.

"Haba tsohuwa, guda biyu ne fa. Haɗiye ki huta."

"Ke ki haɗiye, tunda ke ce likita. Likitan agwagi."

"Jiya a tukunyar fure na tsince su. Furen nan ya fi ki lafiya yanzu."

"To ai kin ga amfaninsu ke nan."

Kullum haka suke. Shekarun Inna tamanin da ɗaya, likita ya yi faɗa har ya gaji, ta ce ita ba ta roƙi ƙarin kwana a wurin kowa ba, ranar da marigayi mijinta ya kira ta za ta tafi. Na jira Quyen ta shiga ciki, na durƙusa na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ba ta ko kalle ni ba.

Ta ce, "Wace takarda? Shekara ashirin da wani abu? Ta ɓata."

"Inna, ki tuna dai."

"Na ce ta ɓata. Ko bincike za ki yi min?"

Khiem ya ce in bar tsohuwa ta huta, tunda ta ce babu to babu. Mijina mutumin kirki ne, amma in uwarsa ta ce kogi ya ƙafe zai fita da takalmi ya taka. Ni kuwa na san matar nan shekara ashirin da biyar. Ledar burodi ba ta yarwa. Kuma akwai abin da na riƙe a raina. Duk farkon shekara, in ta je haikali yi wa 'yan gida roƙon tsari, shekarar Damisa take rubuta wa Quyen, ba ta taɓa kuskurewa ba. Ranar da jaririyar ta cika wata ma, na gan ta a gaban teburin magabata, inda muke ajiye hotunan mamatanmu, tana karanta wa marigayi mijinta rana da sa'a daga wata 'yar takarda. Inna za ta iya yi wa gwamnati ƙarya ta yi barcinta lafiya, amma ba ta yi wa matattu.

Ranar tunawa da rasuwar surukina ta faɗo cikin Oktoba. Aikina ne in goge teburin kwana ɗaya kafin nan, in wanke kaskon turare, in sauke hotuna in share. Da na juya hoton tsohon, sai na ga ƙusoshin bayan sun sha lanƙwasa, alamar ana buɗewa. Na buɗe. Tana nan a ninke huɗu cikin jar takarda, tambarin asibiti ya koɗe amma ana karantawa: mace, kilo uku da ɗari biyu, ashirin ga Mayu, ƙarfe tara na safe, da sunana. Tare da ita akwai hoton bikin cika wata, irin na da mai kwanan wata a kusurwa, Inna riƙe da jaririya kamar ƙullin shinkafa.

Ba zan ɓoye ba, na sa ta a aljihun rigata, na kai bakin ƙofa. Sai na tsaya. Takarda ba tare da bakin Inna ba rabin aiki ce, kuma ban taɓa sata a gidan nan ba, ba zan fara daga bayan mamaci ba. Na mayar da ita yadda na same ta, na lanƙwasa ƙusoshin.

Washegari dangi suka cika gida. Na dafa kifi a tukunyar ƙasa yadda marigayi yake so, da miya mai tsami, da shinkafa mai danƙo. Aka jera a tebur, kowa ya kunna turaren tsinke ya sunkuya. Aka ci aka sha, wajen la'asar aka watse. Inna ta rage ita kaɗai a gaban hoton tana ba shi labarin gida kamar yadda ta saba, wane ya yi aure, wane ya sayi mota. Na zo na kunna nawa tsinken uku, na tsaya kusa da ita, na yi magana da ƙarfi yadda za ta ji.

"Baba, ni ce Lieu. Jikarka za ta rasa tafiyarta saboda wata biyar. Takardar tana bayanka, na gani jiya, ban ɗauka ba. Ka yi wa Inna magana, ni ta ƙi jin tawa."

Inna ta juyo a hankali. Na zaci mari ne.

"Ƙarata kika kai?"

"Eh, Inna. Ba ni da wani wurin kaiwa."

"Marar kunya. Tun ranar da aka kawo ki gidan nan na ce idon nan naki a tsaye yake."

"Haka ne."

"So kike in je gaban yaran nan na ofis, waɗanda na ga iyayensu ba wando, in ce ni Ba Sau maƙaryaciya ce?"

"Haka nake so."

Ta zauna a kan kujera. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ke kina ganin Damisar ce ta dame ni? Yaran yanzu wa yake tambayar shekara? Da na ji Khiem yana faɗa a waya cewa yarinyar ba za ta samu ba, daɗi na ji, Lieu. Na shiga ɗaki na yi dariya ni kaɗai. Ku ku tafi, ku ne kuka sayar da ruwan kakanninku. Ita a bar min. Wa zai zage ni da safe in ta tafi?"

Tausayinta ya kama ni, don ban taɓa jin Inna ta roƙi komai ba, kuma wannan roƙo ne. Iyayen mai jari ba sa cikin biza, ko da suna ciki ma ba za ta bar kabarin mijinta ba. Ƙanwar Khiem za ta dawo gidan ta zauna da ita, amma ni da ita mun san ba ɗaya ba ne. Duk da haka ban ja da baya ba.

Na ce, "Inna, in kin riƙe ta, za ta zauna. Ba za ta ce miki komai ba, za ta ci gaba da bin ki da magani. Amma ta san takardar tana nan ko ba ta sani ba, ke kin sani. Kullum kika kalle ta kin sani."

"Fita ki ba ni wuri."

Kwana uku ba ta yi min magana ba. In na kai abinci sai ta juya wa tiren baya, in Quyen ta kai ta ci. Ni kuma kowace safiya sai na goge takalmanta na fita, na ajiye a bakin ƙofarta, na jingina lemarta a gefe. Khiem ya ce ina neman kashe masa uwa da hawan jini. Na ce ya je ya ba kare abinci.

Rana ta huɗu na fito daga kicin na tarar da ita a tsakar gida cikin rigarta ta siliki ruwan ƙasa, wadda take sawa a bikin manya, gashi a ɗaure tsaf, jar takardar a hannunta.

Ta ce, "Kin tsaya kallona? Ko sai ofishin ya tashi?"

Mu uku muka je, har da Quyen. Ma'aikacin saurayi ne, jikan mai sayar mana da ƙanƙara. Ya miƙe ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta shimfiɗa takardar a kan teburinsa ta danne da yatsa.

"Rubuta. Ni na zo nan na ce an haifi yarinyar nan a Disamba. Ƙarya na yi. A Mayu aka haife ta, a asibiti, ina tsaye a bakin ƙofa. 'Yar Damisa ce."

Yaron ya ce, "Kaka, a hankali, ba sai kowa ya ji ba."

"Su ji mana. Da na yi ƙaryar a hankali na yi ta, me ta tsinana min?"

Quyen ta kama hannunta ta ce, "Tsohuwa, ashe wata biyar kika tsofar da ni? Shi ya sa nake ciwon baya."

"Rufe min baki, ki ba ni biro."

Ba ta iya riƙe biron ba, sai da aka kawo tawada ta dangwala yatsa.

Sauran aikin ni na yi shi, kuma ban yi wa kowa da sauƙi ba. Takardar haihuwa ta fito a Nuwamba, bayan an aika an tantance tambarin. Makarantar sakandare ta ce sai shugaba ya dawo daga taro, na kai kujerata ta roba na zauna a ƙofar ofishinsa kwana biyu har ya dawo. Fasfo ya fito ana saura sati ɗaya sabuwar shekara. Lauya Thoa ta haɗa komai da fassara da dogon bayani ta aika. Ashirin ga Fabrairu ta zo ta wuce, na ƙi kallon kalanda ranar. Duk wata in jadawalin layi ya fito, Quyen ta karanta mana a waya, wani watan ya matsa sati biyu, wani watan sati biyar. Ranar ɗaya ga Mayu layin ya zo kanmu.

A ofishin jakadanci, cikin Agusta, ma'aikaciyar ta daɗe a kan takardar ungozoma. Ta ɗaga ta a haske, ta duba hoton cika wata, ta tambayi Quyen dalilin da zai sa kaka ta tsofar da jikarta. Quyen ta yi mata bayanin Damisa da Ɓauna da Turancinta, ni ban ji ko kalma ba, na dai ga matar ta cije leɓe kada ta yi dariya. Aka ce mu jira ƙarin bincike. Sati biyar muka yi muna jira, sannan fasfo uku suka dawo, kowanne da biza a ciki.

Muka sa ranar tafiya bayan tunawa da Baba da kwana biyu. Da safen ranar, akwatuna na cikin mota, Inna ta ce a ba ta takardarta. Na ba ta, ta mayar bayan hoton da kanta, ta lanƙwasa ƙusoshin da bakin cokali. Sannan ta fito baranda ta zauna a gadonta, ta kira ni.

"Ke mai lissafin watanni. Yaushe za a bar ta ta zo?"

"Ba a hana zuwa ba, Inna, daɗewa ce ba a so, har a ba mu izini na dindindin. Ga makaranta kuma. Ta ce za ta zo tunawar Baba ta baɗi."

"Wata nawa ke nan?"

"Goma sha biyu."

"Ku nawa kuka yi a layinku?"

"Shekara uku da wata biyu kafin ya zo kanmu."

Ta taɓe baki. "Ashe nawa ma gajere ne."

Quyen ta durƙusa a gabanta, ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, sai kuka ya ƙwace mata. Inna ta dungure mata kai.

"Ji min sakarya. Wace Damisa ce take kuka? In sun tambaye ki a can, ki faɗa musu shekararki ta gaskiya, kowa ya kama kansa." Ta share wa yarinyar fuska da gefen rigarta, ta tura ta. "Tashi, direba yana jira. Tsaya tukuna. Ina ƙwayoyin nan naki?"

Quyen ta tsaya tana kallonta.

"Biyu ne da safe ko ɗaya? Faɗa min da kyau kada in yi kuskure. Lieu, miƙo min ruwa."